Iyatu da Giyar Ceri

A ɗakin wanki na ƙasan benenmu da ke unguwar Concourse Village a Bronx, ƙasar Amurka, na fara ganin Iyatu, cikin shekarar 2011. Tsohuwa ce doguwa, da tsage a kumatu irin na mutanen ƙauyukan Malumfashi. Tana tsaye gaban injin wanki da ƙullin kaya a ka, ta rasa ta inda za ta ɓullo masa. Ganin tsagen ya sa na yi mata sallama da Hausa. Ta juyo da sauri har ƙullin ya kusa zamewa.

"'Yar nan, ke ta ina ce?"

Na ce, "Zariya, Inna."

"To zo ki nuna mini bakin wannan abu. Tun ɗazu nake nemansa."

Daga ranar muka ƙulla. Ni aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu, ran da ba ni da aiki kuwa sai in hau wajenta mu yi hira muna tsince shinkafa. Maman Gafaru take kirana kamar yadda kowa yake kirana. Ɗanta ne ya ɗauko ta daga gida, Malam Tamimu, direban bas, mutum mai kamewa wanda ake ganin girmansa a wani masallaci da ke Tremont, inda yake karantar da yara ran Asabar. Matarsa Adjara 'yar Kumasi ce, tana kitso a wani shago a titin 125. 'Yarsu ɗaya, Shamima, a lokacin tana kwaleji. Iyatu ba ta taɓa kiran sunan ɗan nata ba, saboda ɗan fari ne. "Baban Shamima" take cewa, in kuwa ransu ya ɓaci da juna ta ce "mutumin nan".

Sai da muka shekara tare kafin ta faɗa mini sana'arta ta da. Ta leƙa ƙofa tukuna, ta rage murya.

"Ni fa da kike gani giya nake dafawa."

Bamagujiya aka haife ta. Uwarta mai dafa burukutu ce, ita ma a gindin murhun ta tashi. Ta ba ni labarin yadda ake jiƙa dawa, a shanya ta a inuwa a lulluɓe har ta tsira, a busar, a niƙa, a dafa, a bar ta ta kwana ta yi tsami, a sake dafawa. In tana wannan bayani hannuwanta ba sa zama wuri ɗaya, sai ka ga tana juya muciyar da babu ita. Ta ce a ƙauyensu in za a yi gayya aka ji giyar Iyatu ce, har daga ƙauyukan maƙwabta maza suke ɗauko fartanya. Da ita ake biki, da ita ake binne mamaci. Ba ta faɗar wannan da alfahari sosai, amma ba ta faɗarsa da kunya.

Cikin 'ya'yan da ta haifa ɗaya ne ya rayu, suka sa masa Nomau. Da ya tafi makarantar kwana a Katsina, yara suka laƙaba masa "ɗan mai giya". Can ya musulunta ya ɗauki sunan Tamimu. Kuma ba tsokanar yara kaɗai ce ta sa ya tsani abin ba. Ubansa Jatau mashayi ne na gaske, a gaban idonsa cikin mutumin ya kumbura, idanunsa suka yi ɗorawa, ya daɗe yana jinya kafin ya cika. Da ciwon ya yi tsanani Tamimu ya taso daga Amurka, bayan rasuwar uban kuma ya durƙusa gaban uwarsa yana kuka, ya roƙe ta ta bar sana'ar ta karɓi kalmar shahada. Ta karɓa. Tukwanen kuwa ta raba wa mata.

"Ya so in fasa su," in ji ta. "Na ce a'a, ba su yi mini laifin komai ba."

Kada wani ya ɗauka musuluncin ganin ido ta yi. Na sha samunta a kan sallaya tana jan carbi, surorinta uku ne kacal, amma ba ta wasa da su. A benen namu ma Hajiya ake ce mata, ko da yake ba ta je Makka ba.

Shamima kuwa a nan Bronx aka haife ta. Tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take mayarwa, don haka hirarta da kakarta rabi magana ce rabi nuni da dariya. Iyatu "ƙawata" take ce mata. Yarinyar ta karanci kimiyyar abinci, ta gama a 2014, ta samu aiki a Brooklyn. A gida ta ce kamfanin kayan sha ne, ita tana ɗakin gwaje-gwaje. Ba ƙarya ta yi gaba ɗaya ba.

Wata rana muna ɗakin wanki, Iyatu tana ware kaya, sai ta ɗauko wata rigar Shamima mai kauri. Har za ta jefa ta cikin inji ta tsaya. Ta kai ta hanci. Ta daɗe a haka idonta a rufe.

"Maman Gafaru, wannan tsiro ne."

Na ce, "Wane tsiro, Inna?"

"Hatsin da aka tsirar aka dafa. Ba dawa ba ce, ban san ko wane hatsi ba ne, amma tsiro ne. Yarinyar nan gidan giya take aiki."

Ta zauna a kan bencin wurin, rigar a cinyarta. Ban iya gane ko tsoro ne a fuskarta ko wani abu dabam ba.

Ta jira ran da iyayen ba sa nan, ta kira ni in yi mata tafinta. Da Shamima ta ji tambayar sai ta shiga roƙon kada a gaya wa babanta. Ta ce ƙaramin kamfani ne, mutane kaɗan, giya suke yi ta hannu ba irin ta manyan masana'antu ba. Da gwaji ta fara, sannan aikin ya shiga ranta. Ta tambaya ta yaya kakarta ta gane.

Iyatu ta ce, "Gaya mata shekara arba'in na yi ina shaƙar wannan."

Ban kai ga fassarawa ba, yarinyar ta riga ta ji. Babu wanda ya taɓa gaya mata. A saninta kakarta manomiya ce, shi ke nan. Ta sulale ta zauna a ƙasa gaban tsohuwar, ta kama hannayenta tana jujjuya su tana kallo.

Daga nan suka samu abin hira, ni kuma na zama 'yar tsakiya. Shamima ta yi ta tambaya: yaya ake sanin tsiro ya isa, da wane itace ake wuta, me ake yi in ta ƙi tashi. Iyatu ta yi ta amsawa, wani lokaci har ta miƙe tsaye tana kwatantawa. Ban taɓa ganin ta da rai haka ba. Amma duk hirar da suka yi, da magana ɗaya take rufewa.

"Ƙawata, ki bar aikin nan. Ran da ubanki ya ji, ba ki san abin da za ki karya ba. Ni na sani."

Shamima takan ce za ta bari, amma sai an buɗe gangunanta. Mai kamfanin ya ba ta dama ta yi nata aikin na farko. Ta dafa giya ta zuba a gangunan katako da aka taɓa ajiye ruwan inabi a cikinsu, ta cika su da ceri, wasu 'ya'yan itace jajaye masu tsami da ta sayo daga gonakin arewacin jihar, aka toshe aka jera a bayan ɗaki. Sai sun kusa shekara biyu za a buɗe. Iyatu ta sa na maimaita mata wannan, tana zaton ni na yi kuskuren fassara.

"Shekara biyu? Ai kafin nan waɗanda aka dafa dominsu wasu sun mutu. Mu tamu in ta kwana uku sai a ba ƙasa."

Cikin bazarar 2016 Shamima ta zo ta ce an buɗe, an ɗura a kwalabe, kuma ba ta son kowa ya sa a baki kafin kakarta. Iyatu ta ce ba za ta je ba. Ta kwana biyu tana cewa ba za ta je ba. A rana ta uku na same ta ta sa hijabinta mai ruwan toka da takalmin fita.

"Ido kawai zan kai," in ji ta. "Ki raka ni."

Ban so ba, Allah ya sani. Amma tsohuwar da ba ta iya karanta sunan tasha ba, ba zan bar ta ta shiga jirgin ƙasa ita kaɗai ba. Nufinmu mu isa da hantsi kafin a buɗe wa jama'a, sai jirgin ya tsaya a hanya ya ɓata mana lokaci. Ko da muka isa an fara shigowa.

Wurin tsohon sito ne mai dogon rufi. Gaba akwai tebura da samari masu gemu, baya kuma manyan tukwanen ƙarfe masu ƙyalli, kowace ta fi ɗaki tsawo. Iyatu ba ta ko kalli mutanen ba. Ta wuce kai tsaye ta ɗora tafin hannu a jikin tukunya ɗaya, ta duƙa tana leƙen ƙarƙashinta.

"Ina wutar?"

Shamima ta yi dariya ta ce da tururi ake dafawa. Iyatu ta girgiza kai. Aka kai mu wajen gangunan, an jera su bisa juna har sama, wurin da sanyi da ƙamshin jiƙaƙƙen itace. Shamima ta buɗe kwalba ta tsiyaya kaɗan a wani kofin gilashi mai ƙafa. Ja ce wur kamar zoɓon da aka jiƙa da kyau, da 'yar kumfa mai ruwan hoda a sama wadda ba ta daɗe ba ta kwanta. Ta miƙa da hannu biyu.

Iyatu ta karɓa ta ɗaga wajen haske. Ta shinshina. Ni da nake gefe ma na ji ƙamshin, kamar 'ya'yan itacen da suka nuna suka fara wucewa, da wani abu a bayansa mai kama da warin rumbu bayan ruwan sama. Ta dube ni, na kawar da kai.

Ta ce, "Allah, kai ka san shekara nawa ban taɓa ba. Aikin jikata ne." Ta kurɓa.

Nan take fuskarta ta tattare. Ta riƙe abin a baki, ta haɗiye da ƙyar.

"Wayyo ƙawata. Ta lalace."

Shamima ta fashe da dariya har da hawaye, tana cewa haka ake so, da gangan aka yi ta da tsami. Iyatu ba ta yi dariya ba. Ta tsaya tana motsa harshe a baki, ta sake kurɓa, wannan karon a hankali.

"Tsaya tukuna," in ji ta. "Tsamin nan biyu ne. Na gaba na ɗan itacen ne, shi ne mai tsinke baki kamar ɗanyar tsamiya. In ya wuce akwai wani a ƙasa, mai taushi, wannan na giyar ne. Sai ɗan bauri a ƙarshe, na katako." Ta sake motsa harshe. "Kuma can baya akwai zaƙi kaɗan, ya ɓuya. Ba ta lalace ba. Ban san sunan abin da ta yi ba, amma ba lalacewa ba ce."

Ta tambaya ko ƙwallayen cerin an bar su a ciki. Shamima ta ce an bari. Ta ce ta ji su. Sannan ta kama kan yarinyar ta jawo shi ƙirjinta, kofin yana hannunta ɗaya, ta ce, "Uwata ta dafa, na dafa, na ɗauka a kaina ta ƙare." Tana faɗa tana kuka. Ni ma na yi. Babu wanda ya lura da wani baƙo da ya biyo mu da waya a hannu.

Ba da mugunta ya ɗauki hoton ba, ina jin abin ne ya burge shi: tsohuwa da hijabi, da kofin giya ja a hannu, ta rungume yarinya a tsakanin ganguna. Ya sa a intanet da sunan wurin. Kafin Juma'a hoton ya zaga wayoyin mutanenmu daga Bronx har Harlem. A ƙofar masallaci wani ya nuna wa Malam Tamimu.

Ya aiko a kira ni, don gefen mayafina ya fito a hoton. Na same su a falo. Adjara tana tsaye bakin kicin tana share hawaye, Shamima a kujera, Iyatu a ƙasa kan darduma inda ta saba zama. Bai ɗaga murya ba. Da ya yi faɗa ma da ya fi sauƙi.

Ya tambayi 'yarsa tun yaushe. Ta faɗa masa. Ya tambaya ko za ta bari. Ta ce masa da Turanci tana son aikin, shi ne abin da ta iya, kuma ba ta ga ranar bari ba. Ya ce to ta nemi wurin zama, ba zai ci abinci kwano ɗaya da mai wannan sana'a ba. Sannan ya juya ga uwarsa, ya durƙusa kamar yadda yake yi kullum in zai gaishe ta.

"Inna, ni na wanke Baba da hannuna. Kin ga abin da ya rage a jikinsa. Na ɗauko ki daga can don in raba mu da wannan abu har abada. Ashe ɗauko shi na yi na kawo wa 'yata har ɗaki."

Na ce, "Malam, wallahi ba ita ta koya mata ba. A jikin riga ta ji."

Ya ce, "Maman Gafaru, na gode, amma ki bar mu." Ya sake duban uwar. "Shekara biyu kina sane. Kullum in gaishe ki ki amsa, kina sane."

Iyatu ba ta kare kanta ba. Ta ce, "Haka ne." Can ta ƙara da cewa, "In kora ce, ni ka kora, ka bar yarinyar." Ya tashi ya shiga ɗaki.

Shamima ta kwashe kayanta cikin makon. Ta ɗan zauna wajen wata abokiyar aikinta, daga baya ta samu aiki a wani kamfanin giya a Oregon, can ƙarshen ƙasar, ta tafi. Malam Tamimu ya ajiye karantar da yara da kansa, ba wanda ya ce ya ajiye. Uwarsa kuwa bai rage ta da komai ba. Shi yake kai ta asibiti, shi yake jera mata magunguna, kowace safiya ya durƙusa ya ce, "Inna, an tashi lafiya?" ta ce, "Lafiya lau." Daga nan babu ƙari. Da can yakan zauna ya ba ta labarin fasinjojinsa tana dariya. Wannan ya ƙare.

Matan benen ma suka canza. Ba wadda ta zage ta, sai dai an daina ce mata Hajiya, an daina aiko mata da abincin suna. Ta daina saukowa. In na hau sai in same ta bakin taga tana kallon jiragen ƙasa suna wucewa. Shamima takan kira ta wayata, in kai mata, su ga juna a allo. Amma hirar ba ta tafiya. Yarinyar ta yi ta magana, tsohuwar ta yi ta kallonta tana cewa, "Kin rame. Ki ci abinci." Ko sau ɗaya ba ta sake tambayarta zancen aiki ba.

Na taɓa tambayarta ko ta yi nadamar zuwa. Ta juyo daga taga ta dube ni.

"Kurɓar na roƙi Allah gafara, ina sa ran ya yafe. Zuwan kuwa ban sani ba. In na ce na yi nadama na ci amanar yarinyar. In na ce ban yi ba na ci amanar ubanta. Duka biyun nawa ne."

Cikin sanyin farkon 2018 ciwon huhu ya kama ta. Ba ta yi mako biyu a asibiti ba ta rasu, ɗanta yana riƙe da hannunta yana yi mata kalmar shahada. Ina cikin matan da suka yi mata wanka. Aka kai ta wata maƙabartar musulmi a New Jersey, ƙasar ta daskare har sai da inji aka haƙa.

Adjara ce ta sanar da Shamima. Jirginta bai sauka ba sai bayan an dawo daga binnewa. Ba ta wuce gidansu ba, ƙofata ta ƙwanƙwasa, da jaka a kafaɗa, idanunta sun kumbura. Na ba ta hijabi. Ta ce in koya mata yadda ake gaisuwar mutuwa da Hausa, tana so ta yi wa babanta da harshensa. Muka zauna a bakin gado tana maimaitawa har bakinta ya faɗa daidai.

Muka hau tare. Falon cike yake da maza, Malam Tamimu yana zaune a kan darduma ana shigowa ana yi masa ta'aziyya. Da ya gan ta bai motsa ba. Ta ratsa mutane ta durƙusa a gabansa.

"Baba, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Kaka, ya sa ta huta."

Wannan ne karo na farko da ya ji jimla cikakkiya ta Hausa daga bakin 'yarsa. Na ga leɓensa ya motsa, na ga ya runtse ido.

Ya ce, "Amin. Mun gode. Allah ya ba da lada."

Abin da ya faɗa wa kowa ke nan tun safe. Ya miƙa hannu ga mutumin da ke bayanta.

Ta kwana biyu a wajena, uwarta tana saukowa su yi kuka tare, sannan ta koma Oregon. Kafin ƙarshen shekarar Malam Tamimu da Adjara suka tashi daga benen suka koma wani ƙaramin gida kusa da Tremont. Nakan gan shi jefi-jefi a bakin aikinsa in na hau bas ɗinsa. Ya yi furfura sosai. Mukan gaisa, ya tambayi Gafaru da karatu, in ce lafiya, in wuce in nemi wurin zama.